Rumawa: Manoman da Suka Ci Duniya, Gona Ta Kuɓuce Musu

Da kaka, idan ka shiga kasuwar Makarfi ko ta Ikara, ba za ka rasa mai sayen hatsi zaune bisa buhu ba, ɗan littafi a gwiwa, biro a hannu. An auna masa masara mudu kaza, ya rubuta, ya ce wa mai kaya: "Alhaji, cikon sai goma ga Disamba." A cikin wannan ɗan ciniki akwai abubuwa huɗu da asalinsu ke can nesa da ƙasar Zazzau: takardar da ya yi rubutu a kai, haruffan da ya zana, sunan watan da ya yanke, har ma da mudun da aka yi awon. Idan aka bi sawun kowannensu, sai an dangana da birni guda a ƙasar Italiya, birnin Rum. Ba Rumawan Ruma ta wajen Batsari ake nufi ba. Waɗannan Rumawan bakin kogin Taiba ne, waɗanda suka mallaki kewayen tekun Bahar Rum kakaf.

An saba ba da labarinsu ta bakin takobi da gadon sarauta. Amma mutumin Kudan ko Paki zai fi gane su idan aka biyo da shi ta gona, domin kafin su zama komai manoma ne.

Su da kansu sun ce an kafa garinsu a shekara ta 753 kafin miladiyya, a kan tuddai bakwai, kuma wasu tagwaye ne, Romulus da Remus, waɗanda kyarkeci ta shayar, suka kafa shi. Wannan almara ce irin ta kowace al'umma, kamar yadda muke da Bayajidda da rijiyar Kusugu. Abin da haƙar ƙasa ta nuna shi ne bukkoki na makiyaya da manoma a wurin da ake ƙetare kogi, kan hanyar fataken gishiri. Harshensu, Latin, bai ɓoye asalinsu ba. Kalmarsu ta kuɗi daga kalmar dabbobin kiwo ta fito, kamar yadda Bafulatani ke cewa dukiya yana nufin shanu. Manyan gidajen sarautarsu sunayen amfanin gona suke amsawa: gidan Fabiyus daga wake, gidan Lentulus daga wani ɗan ƙaramin wake, shi kansa Sisero, fasihin da ya fi kowa iya baki a majalisarsu, sunansa daga wani nau'in wake ya samo asali. Wanda ya san Nomau da Shibkau da Ci-wake ba zai yi mamaki ba.

Abincinsu na farko ba burodi ba ne, wani fate ne mai kauri na alkama, a sa gishiri da ɗan ganye ko wake. Man zaitun ne man miyarsu, daddawarsu kuma ruwan kifi ne da ake jiƙawa da gishiri a bar shi a rana har ya ruɓe. Manomin Ikara zai yi musu dariya in ya ji ba su taɓa ganin tumatir ba, ba masara, ba barkono, ba dankali, domin waɗannan duka daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492. Raken da Makarfi da Kudan ke alfahari da shi kuwa, labarinsa kawai suke ji daga Indiya, ɗan sukarin da ke isowa gare su a magani ake sa shi. Mazarƙwailarsu ita ce zuma. Kasuwarsu tana ci duk bayan kwana takwas, ranar da mutumin ƙauye zai ajiye garma ya shigo gari ya sayar, ya saya, ya ji abin da hukuma ta yanke.

Sarakuna bakwai suka yi, in ji tarihinsu, sai na ƙarshe, Tarkwin mai girman kai, ya ishe su, suka kore shi a 509 kafin miladiyya, suka yi rantsuwar ba su ba sarki. Suka riƙa zaɓen shugabanni biyu duk shekara, kowane yana iya taka wa ɗan'uwansa birki. Bayansu akwai majalisar da suka kira da kalmarsu ta tsoho, wato majalisar dattawa. Daga can sanata ya samo sunansa. Sai dai korar sarki ba ta cika wa talaka rumbu ba. Ƙasa mai kyau tana hannun manyan gidaje. Ƙaramin manomi, in damina ta yi gardama, ya ci bashi, in ya kasa biya a kama shi ya yi bauta a gonar mai bashin. A 494 talakawa suka yi abin da ba a zata ba: suka kwashe suka fita bayan gari, suka ce manya su yi yaƙinsu su yi nomansu. Dole aka lallashe su, aka ba su wakilai nasu na kansu, waɗanda ba a taɓa lafiyarsu, kuma in ɗayansu ya ce "na hana", magana ta mutu. Wajen 450 aka rubuta dokoki a alluna goma sha biyu aka kafe a dandali, don kada alƙali ya riƙa fito da doka daga aljihu. A 326 aka haramta bautar da ɗan ƙasa saboda bashi.

Sojan Rum na wancan zamani manomi ne. Sai mai gona ake ɗauka, shi zai sayi garkuwarsa da mashinsa, a fita yaƙi na 'yan makonni a komo gida. Gwarzon da suke ba 'ya'yansu labarinsa shi ne Sinsinatus. A 458, in ji su, abokan gaba suka yi wa rundunarsu ƙawanya, manzannin majalisa suka iske shi yana huɗa a 'yar gonarsa ta hayin kogi, suka damƙa masa mulki gaba ɗaya. Ya je ya ci yaƙi, cikin kwana goma sha shida ya mayar musu da sandarsu ya koma bayan shanunsa. Ko labarin ya faru haka ko an yi masa gishiri, ya nuna irin mutumin da suke ganin ya isa: na duƙe, wanda mulki bai ruɗe shi ba.

Nasara ce ta ɓata wannan tsari. Bayan sun haɗiye Italiya, suka yi karo da Kartaj, birnin fatake da ke kusa da Tunis ta yau. Yaƙi uku aka gwabza tsakanin 264 da 146. A na biyu, Hanibal, janar ɗin Kartaj, ya tsallako duwatsun Alf da giwaye a 218, ya yi wa Rumawa kisan kiyashi a Kana a 216, ya shafe kusan shekara goma sha biyar yana yawo a Italiya yana ƙone gonaki. Daga ƙarshe suka karya shi a Zama a 202, a 146 kuma suka rushe Kartaj ƙurmus. Cikin duk littattafan birnin, wanda majalisa ta ba da umarnin a fassara shi ne na wani masani mai suna Mago, juzu'i 28, kan noma.

Amma wa ya ci ribar? Yaƙi ya daina zama na makonni. Ana kai mutum Sifen ko Girka ya yi shekara shida, ya dawo ya tarar gona ta zama saura, iyali sun ci bashi, maƙwabci mai kuɗi yana jira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga bayi sun yi araha: a 167 kaɗai an kwaso mutum 150,000 daga yankin Efirus na Girka. Manya suka haɗe ƙananan gonaki suka mayar da su manyan gandaye na inabi da zaitun da kiwo. Dattawan ƙasar Zazzau sun san rinji, inda a ƙarni na 19 mai hali kan zaunar da bayinsa su yi masa aikin gandu, su yi 'yar gayaunarsu da yamma. Na Rumawa ya fi wannan tsanani: a wasu gandayen da mari ake aiki, a kwana a kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kato, dattijon da ya rubuta littafin noma wajen 160, ya lissafa tsohon bawa da bawa mai ciwo cikin kayan da ya kamata mai gona ya rabu da su, tare da tsohon sa da tsohuwar amalanke. Shi kuwa manomin da ya rasa gona sai ya tattara ya nufi birni.

A 133 wani ɗan babban gida, Tibariyas Girakus, ya zama wakilin talakawa, ya kawo doka cewa kada kowa ya riƙe fiye da kimanin eka 300 na ƙasar hukuma, a raba rarar ga marasa gona. Sanatoci suka fito masa da sanduna da ƙafafun kujeru, suka kashe shi da mabiyansa kusan 300, suka zuba gawarwakin a kogi. Ƙanensa Gayus ya ɗauki tutar bayan shekara goma, ya ƙara da dokar sayar wa talakan birni alkama da rahusa. Shi ma a 121 aka ga bayansa. Daga nan jini ya shiga siyasar Rum bai fita ba. A 107 janar Mariyus ya fara ɗaukar marasa gona aikin soja. Irin wannan soja ba ya kallon majalisa, janar ɗinsa yake kallo, domin shi zai samo masa fili in ya ajiye aiki. Bayi su ma suka motsa: Sifartakus ya tara dubun dubata daga 73 zuwa 71, da aka murƙushe su aka gicciye 6,000 a bakin babbar hanyar Afiya. Janarori suka riƙa juyo da runduna kan garinsu, har Yuliyas Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon a 49 ya haɗiye mulki. Ranar 15 ga Maris na shekarar 44 aka daddaɓa masa wuƙa a zauren majalisa. Ɗan riƙonsa ya gama da sauran abokan takara, ya ci Masar a shekara ta 30, a 27 aka ba shi laƙabin Agustas. Mutanen da suka rantse ba su ba sarki suka wayi gari da sarki, sunan kawai aka sakaya. A zamaninsa aka haifi Annabi Isa, alaihis salam.

Birnin da Agustas ya mulka ya kai mutum miliyan guda, jikokin manoma da 'yantattun bayi da baƙi daga ko'ina. Talaka yana haya a bene mai hawa biyar ko shida, kuma iya hawanka iya talaucinka, don can sama ba ruwa, ba madafa, ba makewayi, in gobara ta tashi kai ne na ƙarshen fita. Gidajen suna yawan ruftawa, har Agustas ya ƙayyade tsayinsu, ya kafa 'yan kwana-kwana a shekara ta 6 miladiyya. Duk da haka gobarar 64, zamanin Nero, ta cinye mafi yawan gari. Da asuba mutum zai yafa farin mayafinsa na ɗan ƙasa ya tafi gaida ubangidansa. Zaure cike da barori, kowa yana jiran a kira shi, a miƙa masa ɗan kwandon abinci ko 'yan kuɗi, shi kuma ya rako maigida dandali, ranar zaɓe ya ba shi ƙuri'a. Wanda ya taɓa wucewa ƙofar gidan ɗan siyasa da hantsi ya ga irin wannan zama. Da azahar sai gidan wanka, inda da ƙaramin kwabo za ka shiga ɗakin ɗumi, na zafi, na sanyi, ka ji tsegumin gari. Ruwan kuwa daga duwatsu masu nisa ake jawo shi ta magudanai, na farko an gina shi tun 312 kafin miladiyya, daga baya suka kai goma sha ɗaya. Da dare ba barci, don an hana amalanke shiga gari da rana, sai duhu ya yi suke kwararowa.

A cikin gida maigida ne wuƙa da nama. Ɗa ko ya yi furfura, muddin ubansa na raye, ba shi da dukiyar kansa a idon doka. Ana raɗa wa mace suna ranar takwas, namiji ranar tara, a rataya wa yaron laya a wuya har ya balaga. 'Ya mace sunan gidansu kawai take amsawa: duk 'yar gidan Yuliyas Yuliya ce. Yaro yana koyon rubutu a allon katako da aka shafe da kakin zuma, ya rubuta ya goge, malam na tsaye da bulala. Mun san ƙananan abubuwa irin waɗannan sosai saboda garin Fomfei, wanda dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79. An tono gidajen burodi da dutsen niƙan da jaki ke juyawa, an samu tanda guda da burodi fiye da tamanin a ciki, ga bangaye cike da tallan 'yan takara: masu alfadarai sun ce a zaɓi wane, masu sayar da 'ya'yan itace sun ce sai wane.

Duk wannan ginin a kan buhun alkama yake tsaye. Tun shekarar 58 kafin miladiyya aka mayar da rabon hatsi kyauta. Kaisar ya tarar da masu karɓa 320,000 ya rage su zuwa 150,000, Agustas ya tsayar da su wajen 200,000. Kowane yana karɓar awo biyar a wata, kimanin kilo 33, wato sulusin buhun masararmu. Italiya ba ta iya ciyar da birnin, sai Afirka: manoman Masar da na Tunisiya da Aljeriya ta yau su ne ke nomawa, jirage su kwaso daga Iskandariya da Kartaj zuwa tashar Ostiya. Har yau akwai wani tudu a Rum mai tsayin mita 35, ba komai ba ne sai fasassun tulunan man zaitun. Idan jirage suka makara gari ya hargitse. An taɓa tare sarki Kulodiyus a dandali ana jifarsa da busasshen burodi. Don haka sarakuna suka riƙe abu biyu: ciki da kallo. Filin Kolosiyam, da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, yana cin mutum kusan 50,000 masu kallon bayi na kashe juna, filin sukuwar kekunan doki kuwa ya ninka shi sau uku.

Ta wannan ɓangare na Afirka ne Rumawa suka fi matsowa kusa da mu. Sun yi birane a gaɓar Libiya, ɗaya daga ciki, Leftis Magna, ya haifi sarki Saftimiyas Seferus, wanda ya mulki daular daga 193 zuwa 211. Sun girke soja a Gadamas, garin da daga baya fatakensa suka yi unguwa a Kano. Kudu da nan, a Fezan, akwai Garamantawa masu noma da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Balbus ya kai musu yaƙi a 19 kafin miladiyya, daga baya aka koma ciniki. Wajen shekara ta 90 miladiyya wani mai suna Yuliyas Matanus ya bi sarkinsu tafiyar wata huɗu kudu, har wata ƙasa da suka kira Agisimba, mai yawan karkanda, wadda wasu masana ke ɗauka yankin tafkin Cadi ce, wasu su ce Azbin ko Tibesti. A lokacin da Rum ke korar sarakunanta, a kudancin jihar Kaduna ta yau mutanen Nok suna gina mutum-mutumi na yumɓu, suna narka tama. Zamani ɗaya suka yi, hamada ta raba su.

Faɗuwar ma ta gona da aljihu ta biyo. Kuɗin azurfarsu, dinariyus, wanda kusan tsantsa ne a zamanin Agustas, aka yi ta surka shi don biyan soja, har wajen 270 azurfar da ke cikin kuɗinsu ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Kaya suka yi tashin gwauron zabo. A 301 sarki Diyokilishan ya yanke farashin komai, ya ce wanda ya ƙetare a kashe shi. Kaya suka ɓace daga kasuwa, dokar ta mutu. Haraji ya sa manoma gudu, sai a 332 sarki Kustantin ya yi dokar ɗaure manomin haya da gonar da yake ciki, in ya gudu a kamo shi. Jikan sojan da ya ci duniya ya zama ba ya iya barin kunyar wani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙabilun waje suka kutso, Gotawa suka washe Rum a 410, Bandalawa suka ƙwace Kartaj a 439, rumbun ya tafi, a 476 aka sauke sarki na ƙarshe na rabin yamma, don a lokacin daular ta riga ta rabu gida biyu, yamma da gabas. Birnin miliyan ya koma ɗan ƙaramin gari. Dandalin da Sisero ya yi jawabi ƙasa ta rufe shi, ciyawa ta tsiro, mutanen gari suka riƙa kiransa filin shanu.

Rabin gabas, mai hedikwata a Kustantiniyya tun 330, ya ƙara kusan shekara dubu. Su ne Rumawan da ake ji a tafsirin azumi a masallatan Hunkuyi da Gimi idan an zo sura ta 30. Farisa ta ci su ta karɓe Ƙudus a 614, sarkinsu Hiraƙal ya rama a 627 da 628, shi ne kuma wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika wa wasiƙa. Bayan Yarmuk a 636 Sham ta fita hannunsu, Masar ta biyo baya, Amru ɗan Asi ya sake haƙa tsohuwar mashigar ruwa daga Nilu zuwa Bahar Maliya, alkamar da ta ciyar da Rumawa ta koma ciyar da Madina. Kustantiniyya kanta sai 1453 ta faɗa hannun Muhammadu Alfatih.

Yanzu mu koma ga littafin mai sayen hatsi. Takarda daga kalmar Latin karta ta fito, ta ratso hamada a bakin Buzaye. Mudu daga muddin Larabawa yake, wanda masana harshe da dama ke dangantawa da awon hatsin Rumawa, modiyus. Dinarin da ake ambata a sadaki da zakka sunan kuɗinsu ne, kuma dattawan da suka yi ciniki kafin naira ta zo a 1973 za su tuna ana rubuta kwabo da harafin d, wato dai dinariyus. Haruffan boko nasu ne. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya koyar da su a makarantar Nasarawa ta Kano daga 1909, aka ƙara musu masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta baza su daga Zariya tun 1939. Watannin kuwa Kaisar ne ya daidaita su a 46 kafin miladiyya: kwana 365, da ƙarin ɗaya duk shekara huɗu, don lissafi ya riƙa tafiya tare da shuka da girbi. Yuli sunansa ne, Agusta na magajinsa. Satumba zuwa Disamba ma'anarsu na bakwai zuwa na goma, domin a da shekararsu da Maris take farawa. Manoman Magarib ba su taɓa sakin wannan lissafi ba ko bayan zuwan Musulunci, kuma wanda ya saurari yadda muke cewa Fabrairu da Maris da Mayu zai ji sun fi kama da lafazin can fiye da na Ingilishi.

Rundunonin sun tafi, magudanan ruwan sun karye, fadojin sun zama kufai. Abin da ya iso Makarfi daga daular da ta mallaki tekun nan duka shi ne kayan aikin mai gona da mai awo: ma'auni, da lissafin wata, da abin rubuta bashi. Shi kuwa mutumin da ke tsaye gaban buhun, wanda ya karɓi taki bashi da damina, yau yake sayar da masararsa da arahar kaka don ya biya, da za a ba shi labarin waɗanda suka fita bayan gari a 494, ba sai an yi masa dogon bayani ba.